Buɗaɗɗiyar wasiƙa: shin sauti zai iya fitar da gas daga ruwan masana'antar manja?

Assalamu alaikum, Malam.

Ka tambaye mu a bainar jama'a ko da gaske ne ana samun gas na makamashi idan aka buga wa gurɓataccen ruwan injin matsar manja sautin altirasawun (sautin da ya wuce abin da kunnen mutum ke iya ji), kamar yadda ake gwadawa a Malesiya, da kuma ko na'urar za ta mayar da kuɗinta.

Sautin ba ya yin gas. Ƙwayoyin bakteriya ne ke yi, a cikin rufaffen tanki da iska ba ta shiga. Ruwan yana fitowa daga masana'anta kauri-kauri, ruwan ƙasa-ƙasa, da zafi digiri 80 zuwa 90, ga tsami, pH (ma'aunin tsami) wajen 4.5. Dole a huce shi zuwa digiri 35 zuwa 37, a kai pH kusa da 7, in ba haka ba ƙwayoyin da ke yin metan, wato gas ɗin da ke cin wuta, su mutu, tankin ya tsame. Idan komai ya daidaita, lita 1,000 na ruwan kan ba da gas wajen lita 28,000, kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari metan.

Inda tafiyar ke jan ƙafa shi ne narkar da dusar kwakwar manja da ragowar mai. Nan ne amfanin sautin. Sandar titaniyam mai kaɗawa sau 20,000 a daƙiƙa tana tayar da ƙananan kumfa a cikin ruwan, su fashe da ƙarfi, su farfasa dusar. Bakteriya sai su samu abinci a tauna.

Amma ka yi lissafin wuta kafin ka biya kuɗi. Gas ɗin lita 1,000 na ruwa, idan aka ƙona a janareta, yakan ba da wajen yunit 60 na lantarki. A ce daskararren abin da ke ciki kilo 40 ne, aka ba kowane kilo sauti na kilojul 1,000 (ma'aunin makamashi), wanda ba shi da yawa: yunit 11 sun tafi ke nan. Sai gas ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar kafin ka fara ganin riba. Yawancin sakamakon da ake yabawa a ɗakin gwaji aka samo su, a ƴar kwalba.

Shi ya sa ba ma goyon bayan a buga wa ruwan duka. A ware laka mai kauri, ita kaɗai za a bi da ita ta na'urar, kafin tanki. Kada a sa sandar cikin tankin kanta da ƙarfi, za ta kashe bakteriyan. A tace yashi tukuna, domin yana cinye bakin sandar, wadda ko ba yashi kumfar kan rarake ta.

Inda muka fi gamsuwa shi ne wanke matata. Masu bincike a Jami'ar Malesiya Pahang sun haɗa sautin da tanki mai siririyar matata, yana kakkaɓe dattin da ke toshe ta.

Idan kududdufin da kake tara ruwan a buɗe yake, fara da rufe shi, da tace iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke cin janareta.

Wassalam.