Amsa ga Sakataren Ƙungiyarmu Kan Maganin Dashen Ƙoda da Ciwon Suga

Malam Sakatare, assalamu alaikum.

Bayan na yi wa iyalan wani da aka yi wa dashen ƙoda bayanin cewa maganinsa zai iya ɗaga masa sukari, a taron ƙungiyar ci gaban garinmu ka tambaye ni a gaban dattawa wane ne ya ba ni izinin tsorata marasa lafiya, kuma ta yaya maganin ƙoda zai jawo ciwon suga. Batun izini ba zan tsaya a kansa ba, domin mutanen garin nan sun san shekarun da na yi ina aikin haɗa magunguna. Abin da ya sosa mini rai shi ne zargin cewa ina raba mutane da maganinsu, alhali a wannan yanki namu na Haɗeja kowa ya san irin ɗaukar ran da ciwon ƙoda yake yi.

A cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai wani sinadari mai suna kalsinurin, wanda aka raɗa wa wannan suna a 1979. Idan kalsiyam ya ƙaru a cikin ƙwaya, sai kalsinurin ya farka ya cire fosfet daga jikin wani furotin da ake kira NFAT, shi kuma ya shige cibiyar ƙwayar ya ba da umarnin abin da za a sarrafa a fitar. A ƙwayoyin garkuwar jiki, abin da ake fitarwa shi ne intalukin-2, wanda yake tara su don su far wa duk wani baƙo, har da ƙodar da aka dasa. Siklosporin da takrolimos, magungunan da ake ba waɗanda aka yi wa dashe, suna toshe kalsinurin ne, kamar yadda masana a Amurka suka tabbatar a 1991, shi ya sa jiki yake haƙura da sabuwar ƙoda.

Sai dai kalsinurin ba na garkuwar jiki kaɗai ba ne. Ƙwayoyin da ke cikin fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi, su ma suna dogara da shi wajen sarrafa insulin, sinadarin da ke rage sukarin jini, da fitar da shi cikin jini, kuma a 2006 an nuna cewa ɓerayen da aka raba waɗannan ƙwayoyi nasu da kalsinurin suna kamuwa da ciwon suga. Madatsa ɗaya ce take shayar da gonaki biyu, in an rufe ta saboda ɗaya, ɗayar ma za ta ji ƙishi. Saboda haka wasu masu shan takrolimos, fiye da masu shan siklosporin, sukarinsu yakan hau bayan dashe.

Abin da na faɗa wa iyalan mara lafiyar shi ne kada ya kuskura ya tsallake maganinsa ko da sau ɗaya, amma a riƙa auna sukarinsa, kuma in ƙishirwa da yawan fitsari suka dame shi a sanar da likitansa nan take. Kana wurin, Malam, ka ji wannan da kunnenka, don haka ina zargin zaɓen shugabannin ƙungiya da ke tafe ne ya sa ka ɗauki rabin maganar ka bar rabi.

Da wannan zafin ka fuskanci masu tallar jiƙe-jiƙe da lasifika ranar kasuwa, waɗanda suke cewa kwalba ɗaya tana wanke ƙoda, da ka yi wa garin nan aiki. Ina roƙon ka janye zargin a gaban dattawan da ka yi shi, sannan ka sa batun sayen na'urar awon suga cikin ajandar taro mai zuwa.

Naka,
Ɗan uwanka mai haɗa magunguna