Zuwa ga Yaya, kan maganar jikin Hajiya

Assalamu alaikum Yaya, ina fatan kun wuni lafiya, ya jikin Hajiya, ya Anti da yara, ya zafin Kano. Na ga saƙonka cewa ƙafar ta sake kumbura kuma jinin ya hau, Allah ya ba ta lafiya yasa kaffara ne. Amma inda kace da a Ingila take da tuni an huta, nan ne nake so mu tsaya, don ni da nake aikin kula da tsofaffi a nan kullum ina ganin abin da idona.

Gaskiya ne tun 1948 suke da NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnatinsu, ganin likita da kwanciya asibiti duk kyauta ne. To amma kula da tsoho bayan an sallame shi, wato wanda zai yi masa wanka ya ba shi abinci ya juya shi a gado, wannan ba ya cikin kyautar, ƙaramar hukuma ce ke dubawa kuma sai an auna dukiyarka, in abin da ka mallaka ya haura fam 23,250 to kai zaka biya da kanka, wasu har gidajensu ake sayarwa a biya kuɗin gidan tsofaffi. Sai kaga dattijuwa ta warke likita ya gama nashi amma tana kan gado sati da sati saboda babu wanda zai karɓe ta a gida, ga sababbin marasa lafiya a ƙofa suna jiran gadon. Shiyasa ma a 2022 suka buɗe biza ga masu irin aikinmu, hannu ne ya yi musu ƙaranci. Wallahi akwai tsohuwar da in na shiga ɗakinta da safe ni kaɗai ce zata yi magana da ita har dare, abin yana taɓa min zuciya sosai.

Waɗanda suka yi shiri da wuri su ne irin Jamus da suka kafa inshorar kula da tsofaffi a 1995, sai Japan a 2000, a Japan ɗin daga shekara 40 mutum yake fara biya tun da ƙarfinsa.

Mu kuwa a gida Allah ya rufa mana asiri da zumunci, Hajiya ba ta taɓa kwana ita kaɗai ba, amma in mun faɗi gaskiya duk nauyin yana kan Anti ne, ita ce nas ita ce mai girki ita ce mai tashin dare, kuma babu wanda ya taɓa koya mata yadda ake ɗaga babba ba tare da ta ji ciwo a bayanta ba. Likitocin da suka ƙware a kan tsufa kaɗan ne a ƙasarmu, cibiyar tsofaffi ta asibitin koyarwa na Ibadan ma sai a 2012 aka buɗe ta. Tsoho yana zuwa da hawan jini da suga da ciwon gwiwa da ido lokaci ɗaya, kowanne da layinsa da katinsa da ranarsa, wannan ya rubuta magani wancan ya rubuta, babu mai haɗa su ya duba ko suna karo da juna.

Don haka dan Allah Yaya a samo likita ɗaya da zai riƙa bin lamarinta, ko a Asibitin Malam ko a Murtala, duk ranar zuwa a zuba dukkan magungunanta a leda a tafi da su har da na gargajiya, kar a ɓoye komai. Maganin ciwon jiki da ake saya mata a kemis irin su diclofenac a dakata da shi sai likita ya gani, yana ƙara hawan jini kuma yana wahalar da ƙoda. Ka kuma leƙa ofishin KSCHMA, wato hukumar inshorar lafiya ta jihar Kano, ka tambayi yadda ake yi wa babba rajista, tunda dokar ƙasa ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, ni zan ɗauki kuɗin.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne faɗuwa. Na ga mutane da yawa da karayar ƙugu ɗaya ta kwantar da su har ƙarshe, kuma kasan tayil ɗin bandakinta santsi gare shi ga ta da fitowa alwalar asuba cikin duhu. A kafa mata ƙarfen riƙewa a bango, a sa fitila mai caji a hanya, a samo kujerar wanka. In kuma kun ga ta fara maimaita tambaya ko manta sunan jikoki kar a ce rigimar tsufa ce ko sammu, a faɗa wa likita da wuri.

Zan turo kuɗi ƙarshen wata, a ciki a ɗauki mai taimaka wa Anti ko da kwana biyu ne a sati ta samu ta huta. Ka gaida min Kawu da Gwaggo, ranar Juma'a bayan la'asar zan kira ka miƙa wa Hajiya wayar.

Ƙanwarka.