Takalmi da rigar sanyi marasa kayan dabba: abin da tambari bai faɗa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi tsokaci kan tufafi da takalman shiga daji da hawan duwatsu da ake tallatawa da cewa babu komai na dabba a jikinsu. Galibi ana taƙaita maganar a kan zaɓi biyu, ko fata ko roba, alhali kuwa ta fi haka rassa. Tambarin yana gaya wa mai saye da me aka yi kayan. Bai faɗi shekara nawa za su yi ba, bai kuma faɗi abin da za su zubar a cikin ruwa ba, ga shi duk mai son kyautata wa dabbobi yana bukatar waɗannan amsoshin.

Masu ƙaurace wa kayan dabba suna da hujja, kuma ya kamata a faɗe ta yadda take. Ƙungiyar Vegan Society, wadda Donald Watson da abokansa suka kafa a Ingila a 1944, ta fito da tambarinta na tantance kaya a 1990. Abin da ke damun su a kayan sanyi sananne ne. Lallausan gashin ƙirjin agwagwa da dinya da ake cusawa a riga da jakar barci, akwai gonakin da ake fige shi tsuntsun yana raye. Tumakin merino a Ostareliya kuma, ana yanke wa da yawansu fatar da ke kewaye da wutsiya tun suna 'yan raguna don kada ƙuda ya yi ƙwai a wurin. Niyu Zilan ta haramta wannan a 2018. An fito da ƙa'idojin tantancewa, na gashin tsuntsu a 2014, na ulu a 2016, sun kuma rage cutarwa. Sai dai wanda ya ɗauki matsayin kada a yi amfani da dabba kwata-kwata, waɗannan ƙa'idoji ba su share masa hawaye ba.

Bari mu fara da takalmi, don nan ne aka fi yin tuntuɓe. Takalmin hawan dutse yana da sama, da shafin ciki, da shimfiɗar da ƙafa ke takawa, da soson tsakiya, da tafi, sai gam da ya haɗa su. A Tarayyar Turai, dokar 1994 ta wajabta a manna alamomi a kan sassa uku: sama, ciki, da tafi. Hoton fatar da aka shanya yana nufin fata. Hoton fatar da 'yar kusurwa huɗu a tsakiyarsa yana nufin fatar da aka shafe da roba. Hoton saƙa yana nufin yadi. Kusurwa huɗu ita kaɗai tana nufin sauran kaya. To ga inda gizo ke saƙa: dokar ta ce a bayyana kayan da ya kai kashi 80 cikin 100 na sashen. Ke nan takalmi zai iya ɗauke da alamar yadi, amma a bakin yatsu ko a dunduniya akwai ƙyallen fata mai laushi wanda bai kai kashi 20 ba, kuma ba a karya doka ba. Dole a juya takalmin a duba da ido, a leƙa harshensa da wuyansa da madaukin baya. Idan akwai gefen da aka yanka, a kalle shi: fata tana nuna zaruruwa a cakuɗe, ta roba kuwa tana nuna yadi a ƙasa da ɗan shafi a sama.

Gam ba ya cikin alamar ko kaɗan. Yawancin masana'antu yanzu da gam ɗin roba suke aiki, ba na dabba ba, amma kamfanin ne kaɗai zai iya tabbatarwa, shi ya sa rubuta masa wasiƙa ya fi zato.

Fatar roba kanta iri-iri ce, kuma bambancin yana da girma. Mai arha yadi ne aka shafa masa PVC ko PU, wato nau'o'in roba guda biyu. Ita ce ke tsagewa a inda ƙafa ke lanƙwasawa, daga nan ta riƙa saɓulewa ɓawo-ɓawo, kuma babu man da zai dawo da ita. Mai kyau ana yin ta da zare mai matuƙar siranta da aka cakuɗa aka jiƙa da PU, irin Clarino na kamfanin Kuraray na Japan. Tana jure lanƙwasa, tana bushewa da wuri, ba ta da nauyi. Amma ba ta miƙewa kamar fata. Wannan ne ma ya kayar da Corfam, wani samfurin fatar roba na kamfanin DuPont, wanda ya shigo kasuwa a shekarun 1960 aka daina yin sa a 1971: masu sawa sun yi kukan zafi da rashin bin surar ƙafa. Darasin yana nan har yau. Takalmin fata na hawan bangon dutse yakan buɗe har kusan lamba guda bayan an saba da shi, na roba kuwa kusan yadda aka saye shi haka zai zauna. Kada a sayi mai matsi da fatan zai saki. Takalmin doguwar tafiya kuwa, a gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a yi tafiya da ita, a bar tazarar faɗin babban yatsan hannu a gaba saboda gangara.

Akwai kuma wata cuta da ba ta bar takalmin fata ba, ba ta bar na roba ba. Soson tsakiya na PU yana shan laimar iska a hankali har ya ruɓe daga ciki, wata rana tafin ya ɓalle gaba ɗaya a tsakiyar hanya. Takalmin da aka ajiye shekaru a wuri mai ɗumi da danshi ya fi saurin kamuwa a kan wanda ake takawa. Kafin doguwar tafiya a danna soson da farce; idan ya marmashe ko ya yi danƙo, ya gama aiki. Kuma tun a shago a tambaya ko ana iya sake wa takalmin tafi, don wannan tambayar kaɗai tana iya ninka rayuwarsa.

A ɓangaren rigar sanyi, kayan roba sun fi samun nasara. Gashin tsuntsu ya fi komai ɗumi idan aka kwatanta da nauyinsa, amma da zarar ya jiƙe sai ya dunƙule, iskar da yake riƙewa ta fita, ɗumin ya tafi. Wannan matsalar ce ta sa aka ƙirƙiro PrimaLoft, wani cushen zaren roba, domin sojojin Amurka a shekarun 1980. Ana auna irin wannan cushe da giram a kowace murabba'in mita: 40 zuwa 60 na mai tafiya yana zufa, 100 zuwa 133 na tsayawa a sansani, 200 na sanyi mai tsanani. Rauninsa shi ne, duk matsawar da aka yi masa tana karya zaruruwan kaɗan-kaɗan, bayan wasu shekaru sai ya lafe. Don haka kada a ajiye riga ko jakar barci a cikin ƙaramin buhunta na tafiya; a rataye ta ko a saka ta a babban buhun yadi.

Rigar da ke taɓa jiki ita ce mai wuyar sha'ani. Ulu yana shan danshi har kusan kashi 30 na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba, kuma ba ya saurin wari. Foliyesta, wato yadin roba, ba ta shan ko kashi 1, tana tura zufa waje tana bushewa da sauri, amma kwana biyu sai ta fara tsami. Wasu kamfanoni suna maganin warin da sinadarin da ake samu daga ɓawon kaguwa da jatan lande, wanda shi ma na dabba ne, sai a kula. Auduga kuwa, duk da cewa tsiro ce, haɗari ce a kan dutse mai sanyi: tana riƙe ruwa a jikin fata, ruwa kuma yana janye zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Safa ma haka, yawancin na tafiya suna da ulu a gauraye, sai an karanta ƙaramin rubutu. Sauran wuraren ɓuya su ne tambarin fata a aljihu, madaukin zif, tafin safar hannu, maɓallin ƙaho, da gashin bakin hula. Har man shafawa: na takalmi yakan ƙunshi kakin zuma ko kitsen ulu, kuma man shafa tufafi na Greenland Wax na kamfanin Fjällräven haɗin farafin ne da kakin zuma.

Yanzu ga inda muke ganin masu talla ba sa faɗin gaskiya duka. Kusan duk waɗannan madadin daga man fetur suke. Binciken Jami'ar Plymouth na 2016 ya nuna wanki ɗaya na kilo 6 na yadin akirilik, wani yadin roba, zai iya sakin zaruruwa sama da 700,000, kuma wani ɓangare nasu yana ƙarewa a koguna da teku, a cikin cikin kifi. Sinadaran PFAS da aka daɗe ana shafa wa rigunan ruwa don ɗigo ya gangare ba sa narkewa a ƙasa, suna taruwa a jinin mutane da na namun daji. Jihohin Kalifoniya da Niyu Yok sun fara hana su a tufafi daga Janairun 2025. Riga tana iya cancantar tambarin babu dabba ɗari bisa ɗari alhali tana ɗauke da su. Su ma fatun tsiro da ake yi wa kirari, a sassauta. Piñatex daga zaren ganyen abarba aka yi shi, amma an shafe shi da roba don ya jure. Kamfanin da ke yin Mylo daga saiwar naman kaza ya dakatar da aikin a 2023. Ba mu ce fata ta tsira ba: mafi yawanta da sinadarin kuromiyam ake jeme ta, kuma ruwan majema da ba a tace ba guba ne ga kogi. Amma a ganinmu, takalmin roba mai arha da za a yar duk bayan shekara guda bai cancanci a kira shi zaɓin tausayi ba.

Abin da ya rage a hannun mai kaya shi ne kulawa, kuma tana da sauƙi. A rage yawan wanki. Idan za a yi, a cika injin, a sa ruwan sanyi, a yi amfani da jakar tace zare irin Guppyfriend, a kwashe abin da ta tara a zuba a shara, kada a ɗauraye shi a famfo. Rigar ruwa idan ta fara jiƙewa a kafaɗa, yawanci datti da maiƙon jiki ne suka kashe shafin da ke korar ruwa, ba hujewa ta yi ba. A wanke ta da sabulun da aka yi don ita, ban da sinadarin tausasa yadi, sannan a sa ta a na'urar busarwa da ɗumi kaɗan na minti 20 idan takardar jikinta ta yarda, shafin zai farfaɗo. Sababbin shafe-shafe marasa PFAS sun fi bukatar wannan akai-akai saboda ba sa korar maiƙo. Takalmi kuma a cire shimfiɗarsa, a cusa masa takarda, ya bushe a inuwa. Wuta ko rana mai zafi tana saki gam.

Tambayar da masu ƙaurace wa kayan dabba suka fi saɓani a kai ita ce ta tsohon kaya: wanda ya riga ya mallaki takalmin fata, ko ya samu na hannu, ya sa ko ya yar? Wasu suna cewa sawa tallata fata ne. Mu dai mun fi karkata ga ya ci gaba da sa shi, ya sake masa tafi idan ya cinye, har ya ƙare, ko ya ba wanda zai yi amfani da shi. Idan lokacin sayen sabo ya zo, sai ya aika wa kamfanin tambayoyi huɗu a rubuce: da wane gam aka haɗa, akwai ƙyallen fata a wani wuri, akwai PFAS a shafin, kuma ana sake tafi?

Mun gode da ba mu wannan dama. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu karatu, masu sana'ar gyaran takalma da kayan hawan dutse