A daina kai tsofaffin allunan tallan keke wajen 'yan gwangwan

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a bani fili in yi magana kan wani abu da mutane ke ganin ba komai bane amma ni yana damuna sosai, wato tsofaffin allunan ƙarfe na tallan keke da ake liƙawa a ƙofar kantunan dillalai da rumfunan masu gyara. Ina cikin masu tara su, kuma wallahi kullum ƙara ƙarewa suke, saboda da zarar an rushe tsohon kanti sai 'yan gwangwan su ɗora allon a sikeli su biya kuɗin kilo, shikenan an narke.

Wanda bai taɓa riƙe irin allon nan ba bazai gane ba. Ƙarfe ne mai nauyi, fentinsa kuma gasa shi akai a wuta irin na langa, shi yasa rana da ruwan sama basa cinsa, zaka ga gefe yayi tsatsa amma rubutun na nan raɗau. Mafi yawa na Raleigh ne, wanda muke cewa Rali, kamfanin garin Nottingham na Ingila da Frank Bowden ya kafa shi da ƙafarsa wajen 1888, mai tambarin kan zalɓe. Akwai na Hercules, akwai Rudge mai tambarin tafin hannu, akwai Phillips da Humber. Zamanin da manomi zai saida gyaɗa ko auduga ya wuce kanti kai tsaye ya sai keke, allon nan shine shaidar cewa wannan dillali na gaske ne, kayansa ba jabu bane.

Abin da yafi jan hankalina shine yadda kana jera su zaka karanta yadda tallan ke sauyawa. Na farko ƙarfi kawai suke tallatawa, cewa keken ƙarfe ne zalla, babu wani surutu. Sai kuma suka gane kasuwar Afirka babba ce suka fara yin talla musamman domin mu, har da shahararren hoton nan na baƙin mutum kan Rali yana dariya zaki na binsa a guje ya kasa kamo shi. Ni dai ina ganin akwai raini a hoton, kamar duk Afirka daji ce, amma kuma yana nuna cewa sun san ba kowa ke karanta boko ba a lokacin, dan haka hoto suka sa yayi magana. Irin wannan ai ajiyewa akeyi yara su gani su yanke hukunci da kansu.

Daga baya ƙarfe yayi tsada aka koma takarda, kalanda da fosta da tallan jarida da na rediyo. A can Turai kuma suka koma kan yara da wasanni, ga Chopper, keken yara na Rali, a farkon shekarun 1970, ga ƙungiyar tseren keke ta TI-Raleigh da Joop Zoetemelk ya ci gasar Tour de France da ita a 1980. Mu nan kuma Phoenix na China da Hero na Indiya suka shigo da araha, su basu ma wahalar da kansu da allo ba, farashi ne ke musu talla, sannan babur ya zo ya ture kowa. Har ita Nottingham ɗin Rali ya daina ƙera keke a cikinta a 2002. Yau sai banar leda da bata shekara take koɗewa, ko hoto a Facebook da WhatsApp.

A Ingila masu tara kayan tarihi kuɗi sosai suke sawa su sai waɗannan alluna, har ta kai ana buga na jabu ana tsufar dasu da gangan, mu kuma namu na asali muke bayarwa a kilo.

Roƙona ga Gidan Makama a Kano da Arewa House a Kaduna su ware ko ɗan kusurwa ce ta kayan talla na da, su zaga wajen tsofaffin dillalan keke da masu gyara tun suna raye a ɗauki bayaninsu. Wanda kuma ya gaji kantin mahaifinsa, dan Allah kafin ka kira mai sikeli ka duba bango da sito, in ka samu allo kar ka goge shi da yashi ko ka sake masa fenti, ruwa da sabulu sun isa.

Nagode.

Mai karanta jaridarku daga Kano