William Ogden, magajin garin da ya shimfiɗa dogo da kuɗin manoma

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in gabatar wa masu karatu William Ogden, magajin garin Shikago na farko a Amurka. Wanda ya san Shikago ta yau zai ɗauka tun asali gagarumin birni ne, alhali a 1837, shekarar da aka zaɓe shi, mutanenta 4,170 ne kacal, gidajen katako a cikin fadama, tituna duk taɓo.

An haifi Ogden a 1805 a Walton, jihar New York. Ya zo Shikago a 1835 domin ya sayar da filin da mijin 'yar'uwarsa, Charles Butler, ya saya dala 100,000. Ya yanka shi fegi-fegi, ya yi gwanjo, kashi ɗaya cikin uku da ya sayar ya mayar da uwar kuɗin. Ganin haka ya tare a garin.

Wa'adin magajin gari a lokacin shekara ɗaya ne, nasa kuwa ya zo a mummunan lokaci. A watan Mayun 1837 bankunan New York suka daina biyan zinariya da azurfa a madadin takardun kuɗinsu, farashin filaye ya faɗi warwas, waɗanda suka sayi fegi da bashi suka rasa na biya. Sai aka taso da shawarar a dakatar da kotuna, don kada masu bin bashi su samu inda za su kai ƙara. Ogden, wanda shi kansa bashi ya yi masa katutu, ya tsaya ya ce a'a. Hujjarsa ta ɗan kasuwa ce: garin da ya ci amanar masu ba shi rance ba zai sake samun mai ba shi ba, ga shi kuma Shikago tana buƙatar kuɗin waje don haƙa mashigin ruwan jiragen dako da zai haɗa kogin Illinois da tafkin Michigan, mai tsawon mil 96, wanda sai a 1848 aka buɗe shi. A ganina wannan tsayuwa ta fi duk abin da ya gina daga baya daraja.

Abin da na fi so a duba da kyau shi ne yadda ya yi layin dogon da aka nufa ya tashi daga Shikago zuwa garin Galena. Attajiran gabashin Amurka ba su ba da kuɗi ba. 'Yan kasuwar Shikago ma da yawa sun ƙi, don tsoron kada manoma su daina shigowa gari da amalankensu suna sayayya. Sai Ogden da abokinsa J. Young Scammon suka hau keken doki, suka bi ƙauyuka suna sayar wa manoma hannun jari, wani ɗaya, wani biyu. Manomi ya san zafin abin, domin kai alkama Shikago a amalanke kan ci kwanaki, damina kuwa hanya ba ta biyuwa.

Da yake kuɗin kaɗan ne, komai na hannu aka saya. Kan jirgin, mai suna Pioneer, tsoho ne mai cin itace, aka kawo shi ta ruwa a Oktoban 1848. Dogon ma ba ƙarfe zalla ba ne: katako ake shimfiɗawa, a ɗora masa siririn ƙarfe a sama, a kafe da ƙusa. Yana da arha, amma yana da mugun aibi. Nauyin ƙafafun jirgi kan sassauta ƙusoshin, bakin ƙarfen ya ɗago ya lanƙwashe, wani lokaci ya huda ƙasan tarago. Dole jirgi ya riƙa tafiya a hankali, ma'aikata na bin layi suna sake kafewa, har aka samu halin musanya shi da dogon ƙarfe.

Bai jira kuɗin dukan layin sun taru ba. Kimanin mil 10 aka fara shimfiɗawa zuwa kogin Des Plaines, a Nuwamban 1848 jirgin ya dawo ɗauke da alkama. Da manoma suka ga haka da idonsu, sayar da hannun jari ya yi sauƙi, kuɗin dako kuma ya taimaka wajen ƙara tsawon layin: ya kai garin Elgin a 1850, garin Freeport a 1853. Can ya tsaya, bai taɓa isa Galena da kansa ba. A 1864 aka haɗe shi da kamfanin jirgin ƙasa na Chicago and North Western, wanda Ogden ke shugabanta.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo da jarrabawa. Ranar 8 ga Oktoba 1871 gobarar Shikago ta tashi, ta cinye gidansa. A daren nan kuma wata wutar ta laƙume garin Peshtigo a jihar Wisconsin, inda masana'antar katakonsa take, bayan dogon fari da ya busar da dajin da tarin ɓarɓashin katako. Fiye da mutum 1,000 suka mutu. Yana da shekara 66, ya tafi Peshtigo ya tsaya a kan aikin sake gina ta. Ya rasu a New York ranar 3 ga Agusta 1877.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Mai karatunku,
daga Zariya