Kafin Ɗalibi Ya Rubuta Cewa Maganin Bai Yi Aiki Ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba mu fili mu ja hankalin ɗaliban digiri na biyu da ke gwajin ƙwayoyin halittar ƙasa a kan waken soya, musamman a yankin Zuru. Sau da yawa sakamakonsu yakan nuna babu bambanci tsakanin irin da aka cakuɗa da garin Rizobiyom (ƙwayoyin bakteriya masu yin ƙululai a saiwar wake, suna samar wa shukar sinadarin naitirojin) da wanda ba a cakuɗa ba, alhali ƙwayoyin sun mutu tun kafin su taɓa ƙasa.

Garin nan, irin su NoduMax na cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan, mai rai ne. Zafin Kebbi a watan Afrilu yakan haura digiri 40, kuma yini guda a bayan mota ya isa ya kashe shi. Idan babu firji, a sa ƙunshin a leda a ajiye gindin randa.

Wajen haɗi, a narkar da ƙaro a ruwan ɗumi, a bari ya huce, a yayyafa wa iri har ya yi danshi kawai. Sai a barbaɗa gram 100 a kan kilo 10 zuwa 15 na iri, gwargwadon abin da ke jikin ƙunshin, a juya, a shanya a inuwa. A ranar da aka haɗa za a shuka, cikin ƙasa mai laima. A fara da fegin da ba a sa wa komai ba; hannu da ƙwarya suna ɗaukar ƙwayoyin su kai inda ba a so, kwatancen ya lalace.

Taki ma yana rikita lissafi. Idan aka zuba yuriya da yawa, shukar ta ƙoshi, ba za ta yi ƙululai a saiwa ba. Takin Supa mai fosfaras take buƙata, buhu 3 zuwa 4 a hekta, domin ƙasarmu ta jigawa tana da ƙarancin fosfaras.

Idan fure ya fara, a haƙo shukar da magirbi. Kada a tuge, ƙululan suna tsinkewa su zauna a ƙasa. A tsaga su da reza: ja-ja a ciki yana aiki, fari bai soma ba ko ba shi da amfani, kore ya tsufa. Ƙirga ƙululai ba tare da tsagawa ba aikin banza ne.

Kuma ɗalibi ya rubuta sunan irin da tarihin gonar. Ire-iren waken soya na IITA da ake kira TGx suna ƙulla hulɗa da ƙwayoyin da ke ƙasarmu tun asali, don haka a gonar da ta saba da soya bambancin yakan yi kaɗan.

Daga wasu malaman gona,
Zuru, Jihar Kebbi.