Wasiƙa Kan Ɗan Agwagwar Andersen

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Laifin shirun nan nawa ne, kuma ba zan kawo uzuri ba tunda na san ba ka taɓa karɓar nawa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wata tambaya da 'yarka, autar gidan nan, ta yi mini. Na ba ta labarin da Hans Christian Andersen, mutumin Denmak, ya fitar a 1843, na ɗan agwagwar da kowa ke tsangwama saboda muninsa, wanda da ya girma aka ga ashe wani farin tsuntsun ruwa ne mai dogon wuya da ya fi kowa kyau. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Baba, da mummunar agwagwa ce ta gaske, sai a ci gaba da dukanta ke nan?" Na rasa ta cewa, kai kuwa shaida ne cewa ba kasafai hakan ke faruwa da ni ba.

Tun ranar nake bitar tatsuniyoyin zamani masu ɗaci, waɗanda jarumansu bare ne ko waɗanda jama'a suka mayar saniyar ware. Na san za ka ce, kamar yadda ka saba, mutanen yanzu ne suka ɓata tatsuniya da jini da baƙin ciki. Ka yi haƙuri, Sarkin Gardama, ɗacin tsoho ne. A bugun farko na littafin tatsuniyoyin 'yan'uwan nan biyu na gidan Grimm a Jamus, a 1812, a cikin tatsuniyar Snow White, mahaifiya ce da kanta take neman ran kyakkyawar 'yarta saboda hassada, sai a bugun 1819 aka mayar da ita kishiyar uwa. Abin da na ga ya canza shi ne wanda ake kira dodo.

Duba fim ɗin Tim Burton na 1990, na saurayin da aka ƙera da almakashi a maimakon hannuwa. Maƙwabta sun yi ta rububinsa muddin yana gyara musu shuke-shuke da gashin kai, amma da zargi ya faɗa kansa, sai suka taru suka bi shi da kora har ya koma tsohon gidansa na kan tudu shi kaɗai. Bai rikiɗa ya zama kowa ba, almakashinsa na nan, kuma mai kallo ya tashi yana tsoron maƙwabtan fiye da shi. Wannan, a ganina, ya fi kusa da amsar tambayar yarinyar, ko da yake ba amsa ce da zan iya faɗa mata da dare ba.

Wanda ya ba ni haushi shi ne fim ɗin Guillermo del Toro na 2017, duk da irin son da nake yi masa. Bebiya ce mai aikin goge-goge a wani ɗakin bincike na gwamnatin Amurka, ta kamu da son wata halittar ruwa da aka tsare a can, mugun labarin kuwa jami'i ne mai kwat da gida da iyali. Komai ya tafi daidai har ƙarshe, inda tabon da ke wuyanta ya buɗe ta soma numfashi a cikin ruwa. Ka ga an sake komawa gidan Andersen ke nan: sai an nuna cewa baren yana da wasu dangi a wani wuri kafin a yarda ya huta.

Yanzu na soma rubuta tawa tatsuniyar, kada ka yi dariya. Agwagwar mummuna ce, kuma haka za ta mutu. Na kai inda ta tsufa a gefen tafki, na kasa gaba na kasa baya, domin duk ƙarshen da na gwada, ko dai ya zama ƙarya ko ya fi ƙarfin yarinya. Zan aiko maka da shafukan, ka yi musu rashin mutuncin da ka saba. Na tuna akwai abin da ka tambaye ni a wasiƙarka, sai na nemo ta tukuna.

Ka gaishe da mutanen gida.

Naka har kullum,
Amininka